Yadda za ka sa antibairos na makaranta a laftop ɗinka

'Yan uwa ɗaliban da ke karatu a Madina, ko Jidda da Riyad, in dai jami'arku na ba ɗalibai antibairos (manhajar da ke kare kwamfuta daga bairos) kyauta to ku ɗauka abinku, kar ku ɓata riyal a shago.

Da farko ka shiga shafin makaranta da imel ɗinka na ɗalibi, can za ka sauko da shi, ban da link ɗin da ake yawo da shi a guruf na WhatsApp. Kafin ka sa shi ka cire tsohon antibairos ɗin da ya zo a cikin laftop ɗin, wato irin McAfee ɗin nan na gwaji, domin in biyu suka haɗu sai kwamfuta ta riƙa nauyi, kowanne na ganin ɗan uwansa a matsayin ɓarawo. Microsoft Defender kam, wato antibairos ɗin da ke zuwa a cikin Windows, ba ruwanka da shi, shi da kansa yake ja da baya.

Sai ka danna fayil ɗin, ka sa lambar lasisi in an nema, ka kashe ka kunna. Ka bar shi ya yi abdet tukuna sannan ka yi cikakken sikanin, ya fi kyau bayan isha'i don yana cin lokaci.

Filashin da ka kai wajen masu firintin ma ka sikana shi kafin ka buɗe.