Idan rumbun bayanai ya kasa juya rubutu zuwa lamba

Masu kula da manhajojin shaguna da na ƙungiyoyin adashi a Kumasi, daga Aboabo har Kejetia, sukan gamu da wannan matsala: manhaja ta rubuta umarnin SQL (harshen da ake magana da rumbun bayanai) da kanta, rumbun bayanai kuma ya ƙi aiwatarwa, ya ce ya kasa juya rubutu zuwa lamba. A rumbun bayanai na SQL Server, kuskure mai lamba 245 ke nan.

Kafin a taɓa komai, a fito da ainihin umarnin da manhajar ta aika, domin gyaran abin da ba a gani ba lalube ne a cikin duhu. Hibernate da Entity Framework Core kayan aiki ne da suke rubuta wa manhaja umarnin: mai Hibernate ya kunna show_sql, mai Entity Framework Core kuma ya kira ToQueryString.

Galibi za a tarar an kwatanta gurbin VARCHAR, wato na rubutu, da lamba tsura. SQL Server yana fifita INT, wato nau'in lamba, a kan VARCHAR, saboda haka yakan yi ƙoƙarin juya kowane layin da ya karanta zuwa lamba. Manhaja tana iya yin watanni lafiya ƙalau, har ranar da wani magatakarda zai shigar da lambar Ghana Card, wadda take farawa da GHA, a gurbin da aka saba zuba alƙaluma zalla. MySQL, wani rumbun bayanan, shi bai cika tsayawa ba, sai ya ɗauki irin wannan rubutu a matsayin sifili, kuma a ganina shirunsa ya fi ƙarar kuskuren haɗari.

Don gano layin da ya jawo rikicin, a yi amfani da TRY_CAST, umarnin gwada juya rubutu zuwa lamba, wanda ya zo da SQL Server 2012, a nemi layukan da yake mayarwa NULL, wato babu komai, alhali ba fanko suke ba. Kada a bar shi a umarnin ya zama magani, domin ɓoye ciwon kawai zai yi.

Gyaran gaskiya yana cikin ajin (class) da manhajar take gina umarni daga gare shi: nau'in da aka rubuta a can ya zama daidai da na gurbin. Lambar waya rubutu ce, domin idan aka ajiye ta a INT sifilin 024 zai ɓace, idan kuma aka sa mata 233, lambar kiran Ghana, ta zama alƙaluma 12, ta zarce iyakar INT ta 2,147,483,647. Sidi da pesewa a ajiye su a DECIMAL, nau'in lamba mai ɗigo. Kwanan wata kuwa, mu rana muke fara rubutawa, sabar (server) da take kan tsarin Amurka wata take fara karantawa, shi ya sa 13/04/2024 ba ya shiga. A aika shi da 20240413.