Yadda za ku rage shaƙar hayaƙi a gida lokacin hunturu

Daga wajen ƙarshen Nuwamba in ka tsaya a gadar Kawo a Kaduna da sassafe ka hangi gari, wallahi kamar an barbaɗa masa toka. Wannan hazon ba namu bane, iska ce ke kwaso ƙurar tun daga Bodele a ƙasar Chadi, can arewa maso gabas da tafkin Chadi, ta ratso mu ta wuce kudu, kuma ba yadda za mu yi da ita sai dai mu riƙa bin sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, mu san ranar da abin zai yi ƙamari. Ni abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin da muke ƙarawa a kai da hannunmu, a tsakar gida da cikin ɗaki inda yara ke kwana. Shi kam muna da iko a kansa.

Ku fara da janareta don shi ne mai kisa cikin dare ɗaya. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum na barci za ta shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Na san ana shigo da jen cikin zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene ne saboda tsoron ɓarayi, ba wai don ganganci ba, to amma gara a kai wa mai walda ya yi masa keji na ƙarfe a waje a sa kwaɗo, ko a kasuwar Panteka za a haɗa maku daidai girmansa. A ajiye shi nesa da ƙofa da taga, kamar mita 6 in fili ya ba da dama, salansa ta kalli waje ba ɗakinku ko na maƙwabci ba, musamman a gidajen haya irin na Tudun Wada da Rigasa inda ɗaki ke manne da ɗaki. Ƙaramin jen ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, in an zabga mai ya wuce ƙima sai ya yi ta tuƙa, a bi awon da aka rubuta. In za a kwanta a kashe shi, a yi cajin fitila da waya tun da wuri.

Haka kaskon wuta. Sanyi ya yi sanyi, tsohuwa ko mai jego ta ce a shigo mata da garwashi a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, to gubar nan dai ita ce gawayi ke fitarwa, ko da ba ku ga hayaƙi ba. A ji ɗumin a waje ko kuma a bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci, a ƙara bargo. In kuka ga mutum biyu uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kar a tsaya cewa zazzaɓi ne ko shawara, a buɗe ko'ina a fito da kowa waje sannan a nufi asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa an kwana da jen ko garwashi.

Sai kicin. Tun da kuɗin gas ya hau gidaje da yawa sun koma gawayi da itace, ba kuma wanda zai ga laifinsu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa don su ne a bakin murhu. Don haka 'yar uwa in za ki hura wuta ki sauke goyo tukuna, ki ba wani ya riƙe miki shi. Itace ya zama busasshe, ɗanye shi ke kawo tuƙuƙin nan mai sa hawaye. Don Allah a daina hura kurfoti da leda ko tsohon silifas, ƙirare da ɗan kwali sun isa. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a samu murhun gawayi mai yumɓu a ciki don yana riƙe zafi, gawayin da za a ci ya ragu hayaƙin ma ya ragu, bishiyoyin da ake sarewa a dazuzzukanmu don yin gawayin nan su ma su ragu. Ko da gas ɗin kilo 3 ne a ajiye shi don shayin safe da ɗumame.

Ƙona bola da yamma ma mu rage shi, da sanyi hayaƙin baya tashi sama, kwanciya yake a unguwa har asuba, ledar fiya wata da taya da roba kuwa sun fi komai illa. A ware roba da gwangwani a ba 'yan jari bola, ɓawon kayan miya a ba dabbobi, sauran a haɗa kuɗi da maƙwabta a ba masu kwashewa.

Ƙurar waje kuma, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa. Masu keke napep da 'yan acaɓa da ke yini a titin Ahmadu Bello ku nemi takunkumi N95, na yadi manyan ƙura kawai yake tarewa. Yaro mai asma kuma a sa masa inhela a jakar makaranta, a sanar da malaminsa, ranar da hazo ya rufe gari a ce ya zauna a aji lokacin tara.