Yadda Ake Kwance Fin Ɗin Kalifar Birki Idan Ya Cije

Idan fad ɗin birki yana cinyewa ta gefe ɗaya, ko taya tana ɗaukar zafi, duba fin biyun da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifan birki, ke zamewa a kansu.

Ɗaga motar da jak, ka tokare ta, ka cire taya. Kwance noti biyun kalifa, ka rataye ta da waya, kada nauyinta ya ja tiyon man birki.

Zaro fin ɗin. Wanda ya ƙi fita, fesa masa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, ka riƙa murza shi da sifana a hankali. Goge tsatsar da samfefa mai laushi, har cikin ramin.

Shafa giris na silikon kawai. Giris ɗin gama-gari kumbura roba yake yi. Robar da ke rufe bakin ramin fin kuwa, idan ta yage, canza ta, ta nan ruwa ke shiga.

Mayar da komai, ka taka birki sau da yawa kafin ka tayar.