Yadda masu kula da saba za su adana kalmomin sirri su kuma raba su a tsakaninsu

Ranar da na kama aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani a Kaduna, oga ya turo min fayil ɗin Excel ta WhatsApp, ya ce, "Ga makullan gidan nan, ka riƙe amana." Da na buɗe sai na ga komai a ciki: kalmar sirrin root (asusun da ke da cikakken iko) ta kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta rauta, ta kyamarori, ta imel ɗin kamfani. Mu huɗu ne, kowa yana da fayil ɗin a waya da laftof. Bayan shekara guda ɗaya daga cikinmu ya ajiye aiki ba cikin daɗin rai ba. Asabar da Lahadi muka kwashe muna canza kalmomi, muka tashi hankalinmu bai kwanta ba, domin ba mu san iyakar abin da ya tafi da shi ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne tsarin da muka kafa bayan wannan wahalar.

Kafin ku nemi rumbun ajiya, wato manhajar da ke adana kalmomin sirri a kulle, ku fara rage abin da kuke tarayya a kansa. Yawancin kalmomin da ke cikin fayil ɗinmu ba sa ma bukatar a raba su. A sabobin Linux kowa ya sami asusunsa da makullin SSH nasa na shiga saba daga nesa, ya riƙa yin aikin gudanarwa ta sudo, umarnin da ke ara wa mutum ikon root da sunansa, sannan a rufe shigar root daga nesa da layin "PermitRootLogin no" a cikin fayil ɗin saitin SSH, sshd_config. A Windows akwai LAPS na Microsoft, wanda ke ba kowace kwamfuta kalmar mai gudanarwa ta daban, yana kuma sauya ta da kansa. Idan wani abu ya lalace da ƙarfe biyun dare, rajista za ta nuna sunan wanda ya shiga. In kuwa mutum huɗu suna shiga da suna ɗaya, sai dai a yi ta kallon-kallo.

Abin da ya rage, irin su tsohuwar rauta mai asusu ɗaya tak da asusun kamfanin da ke riƙe muku sunan shafi, shi ne zai shiga rumbu. Mun fara da KeePassXC. Kyauta ce, tana kulle komai cikin fayil ɗaya na kdbx, kuma ba ta bukatar intanet. Ga mutum ɗaya ko biyu ta isa. Matsalarta ga tawaga ita ce babbar kalma ɗaya ke buɗe fayil ɗin, kowa ya san ta, kuma wanda ya kwafi fayil ɗin ya kwafe har abada. Shi ya sa muka koma Vaultwarden, wata ƙaramar saba da ke aiki da manhajojin Bitwarden, muka girka ta a kan injinmu. Passbolt ma an gina ta ne domin tawaga. Masu son baƙin allo, wato rubuta umarni da hannu, suna da manhajar pass, wadda ke kulle kalmomi da GPG, tana adana tarihin canje-canje da git. Wanda duk kuka zaɓa, ku tabbata kowa yana da asusunsa, kuma ana iya cire mutum ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

A cikin rumbun ku kasa kaya kashi-kashi. Ɗan bautar ƙasar da aka turo mana yana ganin kalmomin firinta da na wayi-fayi kawai. Na sabobin ajiyar bayanai mu biyu ne ke gani. Na bayyana masa da bakina cewa ba rashin yarda ba ne. Idan aka fizge masa waya a Kasuwar Bacci, ina so asarar ta tsaya a kan firinta.

Babbar kalmar da ke buɗe rumbun kowa ita ce wurin da nake tsanantawa. Kada ta zama sunan ɗa ko shekarar aure. A bar manhaja ta zaɓo kalmomi shida barkatai, mutum ya haddace su kamar yadda ake haddace karatun allo. A ƙara mataki na biyu, ko YubiKey, ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta, ko manhajar da ke fitar da lambobi shida. Ban da saƙon tes, domin duk mun san yadda ake yi wa layin mutum welkam-bak ba da saninsa ba. Kuma rumbun aiki ba ya buɗuwa a kwamfutar gida. A kutsen da aka yi wa LastPass, kamfanin rumbun kalmomin sirri, a 2022, maharan sun bi ta kwamfutar gida ta ɗaya daga cikin injiniyoyi huɗu da ke da damar shiga ma'ajin kamfanin. Sun shiga ta tsohuwar manhajar kallon fina-finai ta Plex da ba a sabunta ba, suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya danna, har suka kama babbar kalmarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma nan ne ya tsage.

Akwai darasin da wuta ce ta koya mana shi. Wata rana aka ɗauke ta tun safe, batiran inbata suka ƙare, janareto ya ƙi tashi. Da wuta ta dawo, injin da ke ɗauke da rumbunmu ya tsaya yana neman kalmar buɗe faifansa, ita kuwa kalmar tana cikin rumbun. Na tsaya gaban allon, zufa na keto min duk da sanyin ɗakin saba. Allah ya taimake mu wani abokin aikina yana da kwafin rumbun a wayarsa, ya buɗu ba tare da saba ba. Tun ranar muka rubuta kalmomi biyar da ba a tayar da komai sai da su, a takarda, da hannu. Muka saka a ambulan, mutum biyu suka sa hannu a bakin mannin, aka kulle a akwatin ƙarfe na ofishin shugaba. Duk ranar da aka yage ambulan ɗin, ranar za a canza abin da ke ciki. Manyan wurare suna amfani da Vault na HashiCorp, inda ake raba makullin buɗewa gida biyar, sai uku sun haɗu ya buɗu. Mu ambulan ya ishe mu. Duk wata uku muna gwada dawo da rumbun daga kwafin ajiya a wani injin daban, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da wani zai bar aiki, a rufe asusunsa, a cire makullin SSH nasa daga kowace saba, sannan a canza duk kalmar da ke cikin kason da yake gani. Cire shi daga rumbu ba ya goge abin da ya riga ya gani ko ya kwafa. Masu pass su kula: tsohon tarihin git yana nan, kuma makullin wanda ya tafi zai iya buɗe shi. A yi wa kowa haka, har wanda aka rabu da shi da addu'a da walima, don kada wani ya ji an ware shi. Ban da irin wannan dalili ba ma tilasta canza kalma duk wata. Hukumar NIST ta Amurka ma tun 2017 ta daina ba da wannan shawarar, domin abin da mutane ke yi shi ne ƙara lamba ɗaya a ƙarshe.

Ku kuma bincika ƙananan rubutattun umarnin da ke gudana da kansu cikin dare, nan ne kalmomi ke ɓuya a fili. Mun tsinci bakwai a namu.

Shi kuwa tsohon fayil ɗin Excel, gogewa kaɗai ba ta wadatar ba, don yana cikin kwafin WhatsApp da wayoyinmu suka tura Google Drive. Muka ɗauka duk kalmar da ta taɓa shiga cikinsa ta tonu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna canzawa, sai da muka kai ta kyamarar bakin ƙofa.