Kafin ku sayi akuyar kan dutse

Assalamu alaikum 'yan uwa makiyaya. Wasu na ta tambaya kan awakin Valais masu dogon gashi, rabin gaba baƙi, rabin baya fari. Asalinsu tsaunukan kudancin Suwizalan ne, inda ƙanƙara ke sauka, kuma ko a can ba su da yawa. Don Allah kada kyan hoto ya ja ku. Gashin da ke kare su daga sanyi shi zai galabaitar da su a zafin Maris da Afrilu na Kaduna.

In madara kuke nema, ku samo bunsuru ruwa-biyu mai jinin Saanen (irin awakin Turai masu yawan madara), ku haɗa da jar akuyarmu ta Sakkwato wadda ta saba da ƙasar nan. Ku fara tuntuɓar ma'aikatan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya.

Wanda kuma ya riga ya sayo akuyar Valais ɗin, kofato ne abin lura. A kan dutse da kansa yake cinyewa, amma a garke mai laka sai ya yi zaƙo-zaƙo, ya lanƙwashe, ya ruɓe da damina, akuya ta kama ɗingishi ta daina cin abinci. A riƙa datse shi duk bayan mako 6 zuwa 8, a jibge manyan duwatsu a garken su riƙa hawa, a kuma ɗaga makwancinsu da katako.

Sabuwar dabba a ware ta mako 3, a yi mata allurar rigakafin PPR (cutar awaki da tumaki mai saurin yaɗuwa) kafin ta shiga cikin sauran.