Yadda ake juya tsoho da ke kwance a gida

Salamu alaikum 'yan uwa, tun da na fara aikin jinya a gidajen mutane nan Damagaram kullum sai an tambaye ni yaya ake yi kar gyambon kwanciya (ciwon da ke fitowa a fata in mutum ya daɗe kwance ɓari guda) ya kama baba ko inna, to ga shi.

1. Wanke hannunki da sabulu.

2. Gaya mai za ki juya shi, ko da ba ya magana yana ji.

3. Ɗora hannuwanshi kan ƙirji, ki lanƙwasa gwiwar da ke nesa da ke.

4. Kama kafaɗa da ƙugu ki mirgino shi wajenki sannu sannu. Hattara, kar ki ja shi ta hannu, musamman in ɓarin ya shanye, kafaɗa na iya gocewa.

5. Sa matashi a bayanshi, wani tsakanin gwiwoyi.

6. Duba dunduniya, ƙugu da ƙashin gindi. Nan ne ake yawan kuskure, mutane su ga wurin ya yi ja ko ya yi duhu sai su hau murza shi da man kaɗanya suna ganin taimako ne, wallahi ƙara ɓata fata yake, ki bar wurin ya sha iska, in bai koma daidai ba a kira lokotoro.

7. Canza zanen in ya jiƙe, da zafin Afrilu gumi kaɗai ya isa, kuma kar fatarshi ta taɓa ledar katifa.

8. Sa alam a salula, bayan awa 2 ki maida shi ɗaya ɓarin, har da dare.