Darasi na 7: Sukarin da Ke Ciyar da Ƙwayoyin Hanji

A cikin babban hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Yawansu ya kai tiriliyoyi. Idan aka ce ƙwayoyin bakteriya, mutane kan ɗauka cuta ake nufi, alhali da yawa daga cikinsu masu taimakonmu ne. Suna hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama, suna kuma taimaka wa garkuwar jiki. Kamar dabbobin gida suke: wanda ya ba su harawa mai kyau, shi ke shan nono.

Abincinsu wani irin sukari ne da zare-zaren abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa. Yana wuce tumbi da ƙaramin hanji yadda yake, sai ya isa babban hanji. A can ƙwayoyin ke cinye shi, su fitar da wasu sinadarai masu ɗan tsami. Ɗaya daga cikinsu, wato butiret, shi ne babban abincin bangon hanji. Bayan gida yakan yi laushi, ya fita ba wahala. Masana biyu, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, su suka raɗa wa irin wannan abinci suna firibayotik a shekarar 1995.

Sukarin da muke zubawa a shayi daban yake. Shi yana shiga jini tun daga ƙaramin hanji, ƙwayoyin nan ba sa samun komai a ciki. Mu a Sudan muna son shayi mai zaƙi, safe da rana da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 na irin wannan sukari a rana, wato ƙananan cokula 12, kuma idan ya yi ƙasa da haka ya fi. Ku ƙirga na kofunanku.

To, ina ake samun wancan sukari mai amfani? Yana cikin albasa da tafarnuwa da alkama da ayaba. Yana cikin wake, da dangoginsa ful da adas da muke ci kullum. Wanda ya karya da ful da yankakkiyar albasa a Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno, ya ciyar da ƙwayoyin hanjinsa ba tare da ya je kantin magani ba. A wannan lokaci na yaƙi da tsadar abinci, ina so kowa ya riƙe wannan, domin kada a raina ɗan abin da ke hannu. Kuɓewa da kuka da dawar da ba a surfe ta sosai ba su ma suna ƙara zaren abinci, wanda ake so baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana.

Sai ƙaro. Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi a duniya. Ana samunsa a jikin dakwara, wadda Larabawa ke kira hashab, musamman a Kurdufan, kuma kasuwarsa ta Al-Ubayyid ta shahara. Kamfanonin waje na zuba shi a lemon kwalba da alewa da magunguna. Shi ma ƙaramin hanji ba ya narkar da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa giram 10 a rana, na tsawon mako 4, ya ƙara yawan ƙwayoyi masu amfani a hanjin mutane masu lafiya. Mai son gwadawa ya zaɓi mai tsabta, ya daka, ya jiƙa a ruwan da aka tafasa, ya fara da ƙaramin cokali. Amma mai ciwon ƙoda ko ciwon sukari kada ya ajiye maganinsa saboda ƙaro. Ya fara tambayar likita.

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Allah ya riga ya sa wancan sukari mai amfani a cikin nonon uwa, da yawa kuwa. Jariri ba ya narkar da shi. Aikinsa ya ciyar da ƙwayoyi masu kyau a hanjin yaro, ya kuma hana miyagu manne wa bangon hanji. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaron da ke shan nono bai cika yin gudawa ba. A ba shi nono zalla wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2.

Wake da albasa kan kawo iska da kumburin ciki, domin ƙwayoyin na fitar da iska yayin da suke ci. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna sosai, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ciwon ciki ya daɗe, ko aka ga jini a bayan gida, asibiti za a je. Haka kuma kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna kashe har da masu amfani, don haka kada a sha su sai likita ya rubuta.

Aiki: Rubuta abin da aka ci a gidanku jiya. Ja layi a ƙarƙashin duk wanda aka ambata a wannan darasi. Sannan ƙirga cokulan sukarin da ka sha, ka rubuta adadin, ka kawo aji.